Sifili da Jan Biro

Ranar 6-7

Zuwa ga mahaifina abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, Baba, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya idon? Yaya ƙafar nan da ke yi maka tsiya in ka daɗe a zaune? Ina gaida Inna, ina kuma gaida Auta, tunda na san ita ce ke karanta maka. Auta, ki bi a hankali, ba sanarwar tasha kike yi ba.

Na samu saƙonka cewa in daina kawo maganar aiki ta waya, wai maganar waya ba ta shiga fayil. Shekara biyu ke nan da ka sauka daga sakataren ƙungiyarmu ta masana fiziks, amma har yau ba ka bar tara takardu ba. To ga takarda nan, ka huda ta ka saka.

Auta ta ce za ka kai wasiƙar taron ƙungiya a karanta wa jama'a, don haka bari in yi bayani yadda ɗaliban shekarar farko ma za su gane. Wurin aikinmu yana can ƙarƙashin dutse. Ƙarfe bakwai na safe lif yake sauka da mu, mutum goma sha biyu a tsaye, kowa da hular kwano, minti shida muna kallon ƙeyar juna. Ba ya sake hawa da mutane sai biyar na yamma. Wanda ya manta abincinsa a sama ya manta ke nan. A ƙasan akwai wani ƙaton tanki cike da ruwa mai tsabta, an jera masa idanun lantarki dubbai a jikin bango, suna jiran wani ɗan ƙyallin haske da ƙila zai zo sau kaɗan a shekara, ƙila kuma ba zai zo ba sam. Mutum ɗari takwas daga ƙasashe talatin da ɗaya ne ke jiran wannan ƙyalli, ni kaɗai ce daga gida.

Ɗalibai su sani ba jami'ata ce ta turo ni ba. Babu jami'a ɗaya a wurinmu da ke da mutanen da za a ba ta kujera a wannan haɗaka. Ƙungiya ce ta tattara jami'o'i bakwai ƙarƙashin sa hannu ɗaya, bayan wani tsohon malamin sakandare mai taurin kai ya shekara goma sha tara yana rubuta wasiƙu, ana ba shi amsa da cewa ana dubawa. Auta, kar ki tsallake wannan layin ko ya ce ki tsallake. Abin da aka ba mu zaman gwaji ne na shekara uku, kuma ranar ashirin ga Satumba majalisar haɗaka za ta yi ƙuri'a a kanmu. In mun samu kujerar, ɗalibanmu arba'in za su riƙa aiki da bayanan wannan tanki daga gida. In ba mu samu ba, mu koma bayan layi.

Sai maganar akwatin da kake ta tambaya. Ba akwatin ƙarfe ba ne. Dokar aiki ce. Abin da tanki ya tara har zuwa huɗu ga Mayun bara a buɗe yake, kowa ya yi gwaji da shi. Duk abin da ya biyo baya an rufe, ba mai leƙawa, sai an gama shirya hanyar tacewa an sa mata hannu. Dalili kuwa, ɗan Adam in ya ga amsa, hannunsa yakan karkata wajenta ba tare da ya sani ba. Akwai wata dattijuwa 'yar ƙarama da ke kula da wannan doka, muna ce mata Mai Makulli. Tunda na zo ban taɓa ganin haƙorinta ba. A Oktoba za ta buɗe a gaban kowa.

Ga abin daɗi. Hanyar tacewar nan, wadda ni nake kira rariya, ni na gyara mata ƙofofi, kwamiti ya gwada ta da bayanan kwaikwayo, ya karɓa. Da ita za a buɗe akwati. Abokin ofishina, Dogo, har rawa ya taka da takalmin ƙarfe, don kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen shekara, kuma in aka ga wani abu a akwatin aikinsa ya tsaya da ƙafarsa. 'Ya'yansa biyu.

Abin da ba daɗi, ba zan samu zuwa aikin idonka na Agusta ba. Ƙungiya ta yi alƙawarin zaman tsaron tanki ɗari da ashirin a shekara. Wasu ƙasashe mutum ashirin suke raba wa irin wannan, mu kuwa ni ce ashirin ɗin. Akwatina na ƙarƙashin gado a ɗaure tun watan jiya da na zaci za a bar ni, na ƙi kwance shi, kaya uku nake juyawa. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ka yi haƙuri, ranar da aka buɗe nasu akwatin zan ja nawa.

Ka gaida Farfesa, shugaban ƙungiya, da duk wanda ya tambaye ni. Allah Ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Mai Alli

Ranar ashirin da uku ga watan Yuli

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna, da fatan jiki da sauƙi. Auta, ki tashi ki rufe ƙofa. Wannan ba ta taron ƙungiya ba ce, kuma in kin gama karantawa ki manta kin iya karatu.

Ka lura na rubuta kwanan wata da kalmomi. Daga yau har in mutu haka zan riƙa rubuta shi.

Ranar Talata muna cin abincin rana a ɗakin hutu na ƙasa, wanda ba shi da taga sai hoton wata bishiya da aka manna a bango. Dogo yana ba da labarin 'yarsa, ya ce ba ya taɓa manta ranar haihuwarta, don rana ɗaya ce da ranar da aka rufe akwati, biyar ga Afrilu. Na ce masa ya yi kuskure, huɗu ga Mayu ne, 4-5 ne a rubuce cikin dokar. Ya yi dariya ya ce ai wanda ya rubuta dokar, a ƙasarsu wata ake fara rubutawa kafin rana. Ya ci gaba da cin abincinsa. Ni kuwa lomar da ke bakina ta ƙi wucewa.

Ka gane ko? Wata guda cur na bayanan da aka rufe, ni na ɗauke shi a buɗe. Sauran mutane ba za su iya wannan kuskuren ba ko sun so, don kwamfuta za ta tare su. Ni aikin da ƙungiyarmu ta ɗauka shi ne duba lafiyar idanun tanki, saboda haka ƙofar rumbun bayanan duka a buɗe take gare ni. Abin da ke tsare ni kwanan wata ne kawai, shi ɗin kuma na karanta shi yadda ka koya mini.

Da leƙawa kaɗai na yi, da da sauƙi. A cikin wannan watan akwai ƙyalli guda uku, daidai inda ake zaton ganinsu. Na gan su, na ji daɗi, na ɗauka rariyata ce ta tono abin da wasu suka rasa. Da ina gyara ƙofofin, duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya nemi faɗuwa sai in ɗan matsa iyaka har ya tsaya. Ban rubuta hakan a rahoto ba, na bar shi ne in ba mutane mamaki. Ashe na ga amsa ne na ɗinka wa tambaya riga daidai ita. Yanzu mutum ɗari takwas za su buɗe akwati da wannan rariya, su tafa, su ce idonsu a rufe suka yi.

Ranar na so in gudu, to ina zan gudu? Ƙarfe ɗaya na rana ne, lif sai biyar. Na shiga banɗaki na zauna a kan murfi da hular kwanona, na fito, na koma gaban allo na ci gaba da zaman tsaro ina rubuta cewa komai lafiya. Har wata ta tambaye ni ko zazzaɓi nake ji.

Na san abin da za ka ce, don ka taɓa faɗa mini da jan biro. Ka tuna gwajin lilo, ina aji huɗu a ajinka? Zare da ɗan ƙwallon dalma da agogon nan da sai an buga shi a tebur yake tashi. Na kawo maka tara da ɗigo takwas cif, yadda yake a littafi, ina jiran yabo. Ka zana mini sifili a gaban aji, ka rubuta "Sake" a ƙasa, ka ce da wannan zare da wannan agogo ko wanda ya rubuta littafin ba zai samu wannan lamba ba. Na yi kwana biyu ban gaishe ka da kyau ba. Da na sake na samu goma da ɗigo huɗu, ka ba ni takwas bisa goma, ka saya mini alli mai launi.

Amma Baba, wancan sifilin nawa ne ni kaɗai. Wannan in na buɗe baki, wata biyu kafin ƙuri'a, na ƙungiya ne. Za a ce mutum ɗaya suka turo, shi ma bai iya karanta kwanan wata ba. Akwai waɗanda tun farko ba sa son a ba ƙananan ƙungiyoyi kujera, na san fuskokinsu, mun sha haɗuwa a lif. Ɗalibai arba'in, da Dogo, da shekarunka goma sha tara, duk a bakina suke. In na yi shiru kuwa babu wanda zai taɓa sani, don babu mai bin sawun abin da na buɗe a rumbu.

Tsoro nake ji, kuma kunya ta fi tsoron yawa. Ka gaya mini abin da zan yi. Ka sa Auta ta rubuta, ko layi ɗaya ne.

Allah Ya sa a yi aikin idonka a sa'a.

'Yarka,
Mai Alli

Ranar goma sha tara ga watan Agusta

Baba,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah Ya sa kaffara ne. Ina gaida Inna da jinya, ina gaida Auta da zirga-zirgar asibiti. Auta ta gaya mini a waya cewa idon hagu ya ɗan amsa, na dama kuwa likita bai yi alƙawarin komai ba, ya ce a shirya wa abin da zai iya faruwa kafin ƙarshen shekara. Na yi kuka a tashar bas, har wata tsohuwa ta miƙo mini hankici.

Ta kuma gaya mini yadda ka karɓi wasiƙata. Wai ka saurara har ƙarshe, ka sa ta maimaita wurin lilo, sannan ka ce ta huda ta saka a fayil. Shi ke nan. Baba, wannan wace irin amsa ce? Kusan wata guda ina leƙa akwatin wasiƙu na ƙofar gida safe da yamma. Mai gidan da nake haya ta fara tambayata ko miji nake jira.

Tunda ka yi shiru sai na kira Farfesa. Na kawo masa maganar a matsayin abin da ya sami wata ƙawata a wata haɗakar daban. Ya bar ni na gama tatsuniyata, sannan ya tambaye ni ko ƙawar tawa tana da ƙuri'a a gabanta ranar ashirin ga Satumba. Ya ce in gaya mata ta kama bakinta har ƙuri'a ta wuce, bayan nan in tana son tsarki sai ta yi. Bai yi mini faɗa ba. Ya lissafa mini ɗaliban da suka riga suka zaɓi taken bincikensu a kan wannan tanki, wasu ma ni na koyar da su. Ya ce rariyar ai kwamiti ya gwada ta, ta ci, to mene ne laifinta? Ya ce manya ma suna kuskure su rufe, mu ƙanana ne kaɗai za mu tsaya muna tona wa kanmu asiri. Rabin maganarsa kuwa gaskiya ne.

Sai dai shi ba ya shiga lif da Mai Makulli. Ni kullum sai mun shiga tare. Gajeriya ce, hularta tana daidai haɓata, minti shida ina kallon saman kanta. Shekaranjiya ta ɗago ta ce mini rariyata ta yi kyau. Matar da ba ta yabon kowa. Na ce na gode.

Dogo kuma ya kawo mini zanen da 'yarsa ta yi, ni ce a ciki riƙe da wata ƙatuwar rariya, ya manna a bangon ofis daidai inda nake ɗaga kai. Na daina cin abinci a ɗakin hutu, a bakin matakala nake ci. Rigunan nan uku sun fara yi mini yawa.

Za ka ji wani ƙaramin ambulan a cikin wannan, na liƙe shi. A ciki na rubuta abin da na gani, lambobin ƙyallin nan uku da abin da suke nufi in sun tabbata. Na rubuta da manyan baƙaƙe yadda idon hagu zai iya kamawa. In abin gaskiya ne, to shi ne abin da duniya ke nema shekara da shekaru, kuma ban ga wanda ya fi ka cancantar ya riga kowa sani ba. Ban sani ba ko a Oktoba za ka iya karanta komai da kanka. Ka buɗe, ka gani da idonka tun yana gani.

Ba zan yaudare ka ba, na san abin da nake yi. In ka buɗe, mun zama mu biyu da muka leƙa, ni kuma zan samu abokin yin shiru. Toshiyar baki ce nake ba mahaifina. Ka ga inda na kai.

Ka ci abinci ko ba ka so, ka bar yi wa Inna gardama a kan maganin ɗigawa.

'Yarka,
Mai Alli

Ranar tara ga watan Satumba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna da Auta, da fatan ana samun sauƙi.

Amsarka ta iso ranar Litinin ta makon jiya. Na tsaya a ƙofar gida na yage babban ambulan, sai ga ƙaramin nawa ya faɗo a liƙe yadda na aika shi. A bayansa sifili da jan biro, a ƙasa kuma "Sake". Babu gaisuwa, babu sa hannu. Auta ta sa 'yar takarda cewa ka hana ta riƙe maka hannu, ka ce ta ba ka biron kawai ta nuna maka inda takardar take.

Na zauna a kan matakala na daɗe ina kallonsa. Sifilinka na da, duk makaranta an san shi, kamar da bakin kofi ka zana. Wannan kuwa bakinsa biyu ba su haɗu ba, ɗaya ya wuce ɗaya da kusan faɗin yatsa, kuma harafin ƙarshe na "Sake" rabinsa ya fita daga takardar. A nan na san yadda idon ya zama, abin da ku duka kuke rage mini a waya. Kuma da wannan idon aka miƙa maka abin da ka shekara goma sha tara kana nema, ka ƙi buɗewa. Na ji haushinka, Baba, sosai ma. Daga baya haushin ya koma kaina.

Washegari da muka fita daga lif na bi Mai Makulli har ofishinta, na rufe ƙofa, na faɗi komai a tsaye, har da yadda na riƙa matsa iyaka don ƙyallin nan su tsaya. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta tambaye ni ko na gaya wa wani lambobin. Na ciro ambulan ɗin na ajiye mata a tebur, na ce na aika wa mutum ɗaya ya dawo mini da shi. Ta juya shi, ta duba liƙin, ta tambayi ma'anar kalmar da ke ƙasan sifilin, na fassara mata. Sai ta ce, "Wannan mutumin ya taɓa aiki a haɗaka irin tamu?" Na ce a'a, malamin sakandare ne. Ta sa ambulan ɗin a aljihun teburinta ta kulle.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. An cire rariyata, an koma tsohuwar da aka shirya kafin in sa hannu. An fitar da ni daga rukunin masu nazari, sunana ba zai shiga takardar da za a buga ba. Har a buɗe akwati an hana ni zama wurin da ake maganar sakamako, ko a wajen cin abinci, don kada fuskata ta faɗi abin da bakina bai faɗa ba. Yanzu a wani lungu nake can bayan tanki, ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya ina duba waɗanda suka saki. Zaman tsaron kuwa yana nan, ba a rage mini ko ɗaya ba.

Dogo ya cire zanen 'yarsa daga bango. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. In mun haɗu a lif sai ya duƙufa karanta takardar gargaɗin gobara da ya haddace tun bara.

Farfesa ya kira. Ban san yana da wannan muryar ba. Ya ce 'yan kwanaki kacal na kasa jira, ya ce na ɗauki wahalar jama'a na sayi tsarkin kaina da ita. Ya ce ya san wanda ya zuga ni. In ya zo gida kar ka biye masa, hawan jininka ya fi ƙuri'a muhimmanci.

Ban ji na zama jaruma ba. Abin da na samu kawai, abinci ya fara wucewa. Saura kwana goma sha ɗaya majalisa ta zauna, kuma wataƙila na rushe abin da ka gina. In hakan ta faru ka yafe mini, ko da yake kai ka ce in sake.

'Yarka,
Mai Alli

Ranar goma sha bakwai ga watan Oktoba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna, ina gaida Auta mai haƙurin karatu. Na ji idon dama ya tafi gaba ɗaya. Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri, Ya tsare mana na hagu.

Sakamakon ƙuri'a ka riga ka ji a waya, amma tunda waya ba ta shiga fayil, ga shi a rubuce. Ba mu samu kujerar ba. Ba a kuma kore mu ba. An ƙara mana shekara guda ta gwaji, da rinjayen ƙuri'a uku kacal. An ce mini Mai Makulli ta miƙe a majalisa, abin da ba ta saba ba, ta ce a shekara talatin tana wannan aiki ta san an leƙa akwati fiye da sau ɗaya, amma sau ɗaya aka zo aka gaya mata. Ta sa an canza doka, yanzu dole a rubuta sunan wata da kalmomi a kowace takarda. Ɗalibanmu kuwa sai sun ƙara jira, kuma na ji shida daga cikinsu sun canza taken bincike. Farfesa har yau bai ɗaga wayata ba.

Ranar Alhamis aka buɗe akwati. An bar ni na tsaya a bayan zaure. Da tsohuwar rariya, biyu daga cikin ƙyallin nan uku suka tsaya, na ukun ya faɗi. Da sauran da aka samu a watannin baya, abin bai kai a ce an gano komai ba, sai an ƙara tara bayanai na shekara biyu. Da tawa rariyar ce da ya kai. Ko na ukun nan gaskiya ne ko hayaniyar na'ura, babu wanda ya sani, ni ma ban sani ba. Ba a tafa ba, mutane suka tashi suka nufi wurin shayi.

Ba a sabunta wa Dogo kwantiragi ba. Jiya ya kwashe kayansa a kwali. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce mini ya san daidai na yi, amma kada in sa ran zai gode mini. Na ce ban sa ba. Wannan zai daɗe yana ci mini rai.

Yanzu abin da nake ta kewaye-kewaye don kada in faɗa. Sharaɗin ƙarin shekarar shi ne ƙungiya ta ci gaba da cika zaman tsaronta, kuma babu wani daga gida da ya gama horon shiga ƙasa sai ni. Na yi maka alƙawarin ranar da aka buɗe nasu akwatin zan ja nawa. Na jawo shi, Baba, amma daga ƙarƙashin gado zuwa tsakar ɗaki. Na kwance shi, na rataye kayan, na ajiye rigar sanyin da na saya maka a sama. Mako biyu aka ba ni a Janairu. Ka lallaɓa mini idon hagun nan har in zo, ka bar karatun tsofaffin fayil da shi.

Mai Makulli ta dawo mini da ambulan ɗinka, har yanzu a liƙe. Na sako shi a nan tare da wasiƙar majalisa. Ka sa a huda su tare, wuri ɗaya ya kamata su zauna.

Gobe ƙarfe bakwai zan sauka. An ba ni izini in fara sabuwar rariya daga farko, da bayanan da na tabbatar da kwanan watansu a bakin mutum uku.

Auta, tsaya nan. Layin da ke ƙasa da babban alƙalami na rubuta shi. Ki kai shi bakin taga, ki riƙe masa takardar ta gefen hagu, kar ki taya shi ko da harafi ɗaya.

BABA, INA SAKEWA.

'Yarka,
Mai Alli